Tokar Ɓuntu da Kwalbar Ƙarshe

Aikin farko da Dakta Asma'u ta ba ni shi ne wanke ɓuntun shinkafa. Buhu ɗaya, baho uku, da famfo ɗaya a bayan ɗakin bincike. Ta ce in yi ta wankewa har ruwan da ke fita ya yi kama da wanda ya shiga. Na wanke sau huɗu, na kai mata ruwan a kofin gilashi. Ta ɗaga shi saitin taga ta ce, "Kana iya shan wanga?" Na ce a'a. Ta ce, "To koma." Sai a wanki na tara ta karɓa. A lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma na riga na yi shekara goma sha huɗu ina gyaran batir a Achida.

Ina rubuta wannan ne dominku, samarin da ke ɗaura sola yanzu a Wurno da Rabah da Goronyo. Kwanan baya na ji ɗayanku a bakin tasha yana cewa batir ba wani abu ba ne, ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, ka kama gabanka. Sunana Arzika. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, amma na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin da ake neman yin batir marar ruwa. An rufe ɗakin yanzu. Zan faɗa muku yadda ake aikin, bi da bi, sannan in faɗa muku yadda aka rufe shi, domin da hannuna a ciki.

Na koyi gyaran batir a wurin maigidana Ɗan Ige, a wata rumfar kwano da ke gefen titin Achida. Batirin babbar mota ake kawo mana, irin ta masu jigilar albasa. Sai a ɗora ƙarfe a wuta, a narkar da kwaltar da ta rufe kansa, a zaro farantan ciki ɗaya bayan ɗaya, a ware mai rai da matacce. Darma muke narkarwa a ludayin ƙarfe mu zuba sabon kai. Ruwan batir kuwa, doka ɗaya Ɗan Ige ya kafa mini tun ranar farko: asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Bai yi mini bayani ba. Ya dai nuna mini tabon da ke wuyansa. Duk rigar da na mallaka a shekarun nan ta zama rariya.

Abokan cinikinmu direbobi ne, da masunta daga Goronyo masu kunna fitila da batir, da masu nuna majigi a ƙauyuka. Ciwon batirinsu kusan iri ɗaya ne. In bazara ta kama, zafi ya shanye ruwan ciki, farantai su bushe su lanƙwashe, akwati ya kumbura. Na gyara irin wannan har na daina ƙirgawa, kuma ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba.

Wata Alhamis wata ƙaramar mota ta mutu daidai rumfarmu. Mace ce ke tuƙi, da tabarau da farin mayafi. Kan batirin ne ya yi gishiri. Na kwance, na goge, na shafa man giris, na ɗaure. Ita ba motar take kallo ba. Tana kallon sifanonina da na jera a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, da baturan mutane da na rubuta wa suna da rana da alli.

Ta ce, "Wa yak koya maka rubuta rana ga batir?"

Na ce, "Ba kowa, ranki ya daɗe. Mantuwa nika tsoro."

Ta ce ita mutuniyar Rabah ce, tana koyarwa a jami'a cikin birni, kuma tana neman mai tsoron mantuwa. Ta ce in same ta ran Litinin. Ɗan Ige ya ce, "Tahi, Arzika. Can ko banza rigarka ta huta."

Ga abin da take nema, yadda ta fahimtar da ni. A cikin kowane batir akwai ɓangare biyu, kuma tsakaninsu akwai abin da caji ke bi ya ƙetare. A namu na mota ruwa ne. Ruwa yana zuba, yana bushewa, wani irinsa ma yana kama wuta. Ita so take ta sa tauri a wurin ruwan: wani ɗan faifai fari, gasasshe kamar tangaran, girman maɓallin kwat. Mu ma maɓalli muke ce masa. A ido ba shi da ƙofa ko ɗaya, amma in an haɗa shi daidai caji yana ratsa shi. Batirin da ke da irin wannan a tsakiya zafin ƙasarmu ba ya shanye shi. Wannan ta karanta a ƙasar waje shekara da shekaru, kuma ta dawo da niyyar yin sa da abin da ke ƙasarmu.

Gari huɗu ake haɗawa. Na ɗaya kanwa ce da aka tace. Na biyu garin fosfet, dangin wanda ake takin zamani da shi. Na uku tokar ɓuntun shinkafa. Na huɗu wani farin gari ne mai nauyi da ake kira zirkoniya, kuma shi kaɗai ne babu a ƙasar nan. Kwalba uku ta zo da su a jakarta lokacin da ta dawo. Suna cikin kabad mai makulli, makullin yana jakarta.

Toka ita ce rabona, kuma ga yadda ake yin ta. Da fari a samo ɓuntu. Dokar Dakta ita ce ɓuntun da bai taɓa ƙasa ba. Akwai wani mai injin casar shinkafa a Wurno da muka yi magana da shi, yana shimfiɗa mana tamfol a bakin injin, kuma shinkafar fadama ɗaya yake tara mana. Na biyu a wanke. Na uku a dafa shi cikin ruwan asid mai sauƙi na awa biyu, a sake ɗaurayewa har tsamin ya fita. Na huɗu a shanya a ɗaki, a kan farantan gilashi. Na biyar a zuba a ƙoƙon tangaran a sa a tanderun lantarki, a bar shi wuni guda. In an yi daidai, tokar tana fitowa fara fat kamar auduga, kuma in ka murza ta tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Buhu guda ba ya ba ka abin da ya wuce cikin gwangwanin madara biyu.

Bayan toka sai awo. Ma'aunin yana cikin akwatin gilashi mai ƙofa, domin numfashin mutum ma yana motsa shi. Shekara uku ina kallo kafin Dakta ta bar ni in taɓa shi. Ranar da ta bar ni, ta sa na auna gishirin miya sau ashirin, tana tsaye a bayana tana cin gyaɗa. Da na gama ta ce, "Ka hi ɗalibaina haƙuri, amma kada ka hwaɗa musu."

Sai niƙa. Turmin ɗan ƙarami ne na dutse mai santsi, ya zauna a tafin hannu, taɓaryarsa kamar babban yatsa. Awa uku ake niƙawa, hannu yana zagayawa gefe ɗaya, ba a dakawa. Matata Ige ta taɓa tambayata abin da ke sa kafaɗata ciwo. Da na gaya mata, ta yi dariya har ta zauna. Ta ce, "Ashe daka kaka yi birni! Ni da ke surhe kullum wa yab ba ni farar riga?"

Sai matsa. Ana zuba garin a wani ɗan bututun ƙarfe a sa a injin matsa, wanda hannunsa yake kamar jak ɗin mota. A hau a hankali, a tsaya minti biyu, a sauka a hankali. Wanda ya yi sauri zai ga maɓallinsa ya rabe biyu kamar waina. Daga nan sai gashi na ƙarshe, shi ne mai wuya. Ana kunna tanderu bayan sallar asuba, zafi ya yi ta hawa a hankali har ya wuce na maƙera, ya zauna a nan har magariba. In an ɗauke wuta, minti biyu nake da su in isa janareto in tayar da shi. Taku arba'in da shida ne daga ƙofar ɗakin. Ban taɓa cire takalmi a ranar gashi ba sai don alwala, kuma a bakin janareton nake salla. In an kashe tanderu ba a buɗewa sai ya huce da kansa, kwana ɗaya cur.

Na ƙarshe shi ne gwaji. A goge fuskar maɓalli da takarda mai laushi, a shafa masa ruwan azurfa gefe biyu, a maƙala wayoyi. Na'ura tana zana wani baka, mai siffar bakan gizo, a fuskar kwamfuta. In bakan ya yi faɗi, caji yana shan wuya kafin ya ƙetare. In ya yi ƙarami, hanya ta buɗe. Ban san lissafin da ke ciki ba, amma na san baka. Shekara goma sha ɗaya muna rage faɗinsa.

Wani manomin albasa daga Goronyo, Alhaji Maidamma, ya taɓa biyo mu har ɗakin. Famfon ban-ruwansa na sola ne, kuma batirinsa ya kumbura karo na biyu. Ya ji labari a Wurno cewa wata 'yar Rabah tana yin batirin da ba ya jin zafi. Ya shigo da babbar riga yana cewa a ba shi guda huɗu. Dakta ta ɗauko maɓalli ɗaya da hantsaki ta ɗora masa a kan takarda.

Ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Hajiya, wanga na batirin? Wanga ko zakara ya haɗiye shi ba ya sarƙewa."

Ta ce, "Cikin batirin na, Alhaji. Saura jiki."

Ya ce, "To yaushe za a yi jikin?"

Ta ce, "In ciki ya yi."

Ya juyo gare ni. "Kai kuma mi kaka yi nan?"

Na ce ina wanke ɓuntu. Ya girgiza kai ya ce boko bai bar komai ba. Amma bayan mako biyu sai ga buhun albasa an aiko mana, kuma duk shekara in ya gan ni a kasuwar Achida sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai ɓuntu! Ciki ya yi?" Ni kuma in ce saura kaɗan.

Ba ƙarya nake yi masa ba. A shekara ta tara mun haɗa ƙaramin batir da maɓallinmu, ya kunna ɗan ƙwan fitila daga azahar har la'asar. Muka rufe taga muka zauna muna kallonsa. Da ya mutu Dakta ta rubuta lokacin a littafin aiki, ta ce in je in sayo mana tsire.

A shekara ta goma sha ɗaya kwalba biyu sun ƙare, ta ukun saura abin da bai fi cokali huɗu ba. Haɗi ɗaya ke nan. Dakta ta daɗe tana wani sabon lissafi na yadda za a haɗa garin, kuma ta yi imani shi ne zai kai mu. A daidai lokacin malaminta na ƙasar waje ya rubuto yana kiranta ta koma ɗakin bincikensu. Ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye. Ta ce in haɗin ƙarshe ya yi, tana da abin nuna wa masu iya kawo mana zirkoniya, kuma za ta zauna. In bai yi ba za ta tafi, a rufe ɗakin. Ta ce suna son amsa kafin azumi.

A shekarar ne gulbin Rima ya haura. Ruwa ya kwanta a fadama kwana da kwanaki, shinkafa tana dab da nuna. Na je wurin mai injinmu a Wurno na tarar ya rufe injin da buhuna, yana zaune yana sauraron rediyo. Na je Rabah, na je Goronyo. Shinkafar da ke kasuwa daga nesa aka kawo ta, a gyare. Tokar da ta rage mana ba ta kai rabin abin da haɗin ke so ba. Shinkafar rani kuwa ba za a yanke ta ba sai bayan salla. Na ƙirga watanni a yatsu, na ga azumi zai riga girbi.

Surukina, mahaifin Ige, manomin shinkafa ne a wani ƙauye da ke bakin gulbi. Ruwa ya ci gonarsa, ya rushe ɗakuna biyu da rumbu. Ya koma Sisawa wurin ƙanensa, kan tudu. Na je yi masa jaje ran Juma'a. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin zaure. Akwai dattawa kamar shida a ciki. Bayan gaisuwa da addu'a sai ya sa aka jawo buhu biyu daga bayan ƙofa.

Ya ce, "Ɗiyata ta ce kana yawon neman ɓuntu har Goronyo. Mun tsamo 'yan dammuna cikin laka, munka shanya, mata sunka surhe. Shinkafar ba ta kai a yi maganarta ba. Amma ɓuntun ga shi, da hannuna na share shi."

Na ce, "Baba, da ba ku wahala ba."

Ya ce, "Shekara nawa kana kawo muna? Atamfa, sukari, maganin ido. Ban taɓa ba ka komi ba. Bana ruwa ya bar mani abin da kaka so, ka ga ikon Allah. Ka kai ma likitar taku, ka ce daga gare ni."

Dattawan suka ce madalla. Na sa hannu a buhun. Tun kafin in duba na ji laka, irin mai laushin nan ja da gulbi ke bari. Ta shiga cikin kowane ɓawo ta bushe a can. Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya mayar da alheri."

Har nan ban yi laifi ba. Ba a mayar wa suruki kyauta, balle a gaban mutane, balle mutumin da ruwa ya bari da riga ɗaya. Laifina guda uku ne, kuma ga su a jere.

Na ɗaya, da na isa Achida da buhunan, sai na wuce da su birni. Ina iya ba masu yin bulo ko masu kiwon kaji. Na ce a raina dattijon zai tambaya, kuma azumi yana matsowa, kuma ni ne na fi kowa iya wanki.

Na biyu, na wanke shi sau ashirin da biyu, na dafa shi a asid sau biyu, na gasa. Da na buɗe tanderu tokar ta fito kamar farar rigar da aka wanke tare da jar hula. Wanda bai san toka ba zai ce fara ce. Na murza, na ji ɗan ƙasa-ƙasa a yatsa. Na san abin da na gani. Na juye ta a kwalba mai duhu na rufe.

Na uku, Dakta ta leƙo da littattafai a hannu, tana sauri za ta aji. A shekarun farko takan aika tokata wani gari a gwada ta, a yi makonni ana jira. Da ta ga kullum sakamakon iri ɗaya ne sai ta daina, ta koma tambayata kawai. Ta ce, "An samu?" Na ce an samu. Ta ce, "Toka ta yi?" Na ce, "Ta yi." Ta ciro makullin kabad daga jakarta ta miƙo mini, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in auna in niƙa, ita za ta zo matsa.

Maɓalli shida muka samu. Ranar gashi an ɗauke wuta sau biyu, kuma duka biyun na isa janareto kan lokaci. Muka bar tanderu ya huce. Ran Laraba da hantsi Dakta ta sa safar hannu ta buɗe.

Sun yi ruwan ƙasa. Gefensu ya narke ya zube, huɗu sun manne da farantin da aka gasa su a kai. Biyun da muka iya ɓamɓarewa muka goge muka gwada. Bakan da na'ura ta zana ya fi na shekararmu ta farko faɗi.

Dakta ta kashe na'urar. Kwana uku tana bin lissafinta layi-layi. Ta kira mai duba tanderu ya gwada zafinsa, ya ce lafiya lau. Ta sake gwada ma'auni. Ni ina share ɗaki, ina wanke ƙoƙunan da na riga na wanke. Ran Asabar ta buɗe littafin aiki ta cire murfin biro. Ta ce, "Malam Arzika, lissahina na. Na ɗauka na gane abin ga, ashe ban gane ba. Na ɓata maka shekaru."

Na je na ɗauko farar takarda. Na zuba ragowar tsohuwar toka a dama, sabuwar a hagu, na ajiye a gabanta kusa da taga. Sannan na faɗa mata komai, daga zauren Sisawa har kwalba mai duhu. A tsaye na faɗa.

Ta duba takardar. Ta sa yatsa ta murza ta hagun.

Ta ce, "Don mi ba ka hwaɗa mani ba?"

Na ce, "Azumi ya matso, ranki ya daɗe. Na ga in babu toka za ki tahi."

Ta ce, "Tun watan jiya na rubuta musu su jira ni har bayan girbin rani. Sun yarda. Jira nike ka ce babu, in ce mu aje." Ta ɗaga kwalbar zirkoniya, wadda ba komai cikinta, ta mayar. "Wanga gari ba ya ruɓewa, Malam Arzika. Shekara goma sha ɗaya yana jira."

Can ta ce, "Shi dattijon, ya samu wurin zama?" Na ce yana wurin ƙanensa. Ta ce Allah ya kiyaye gaba. Sai ta juyo da littafin aikin gabana ta ba ni biron. Ta ce in rubuta abin da ya faru da hannuna, da rana, da inda ɓuntun ya fito, da yawan wanki, da launin tokar, domin duk wanda ya buɗe littafin nan gaba kada ya ɗauka haɗin ne bai yi ba. Na rubuta shafi ɗaya da rabi. Ta gyara mini kalma biyu, ta sa hannu a ƙasa.

Ta nemi zirkoniya wurare uku, ba ta samu ba, domin ba ta da abin nunawa. Ta tafi kwana tara bayan ƙaramar salla. An kai tanderu wani sashe, ma'auni wani sashe. An ce in zauna a ba ni aikin share ajujuwa, na ce na gode, na zo na zauna a Wurno. Yanzu ina duba wa masu famfon ban-ruwa baturansu, kuma in kun lura ba na karɓar batirin da ba a gaya mini ranar da aka saye shi ba.

Dakta tana aiko mini da gaisuwa duk salla. A shekara ta biyu da tafiyarta ta rubuto cewa ta maimaita haɗin nan a can, da lissafin nan bai canza ba, da garin da suke saye a kwalba maimakon tokarmu. Ta ce bakan ya yi ƙarami har sai da ta ƙara girman hoton kafin ta gan shi. Ta ce ta so ina wurin. Har yanzu in na wuce bayan injin casa na ga an cinna wa tarin ɓuntu wuta, nakan tsaya in duba launin tokar. Yawancinta baƙa ce, domin wutar fili ba ta da zafin da ake so.

Ku da kuke ɗaura batir, ku san cewa a cikin kowane ɗaya akwai aikin wani da ya auna, da wani da ya niƙa, da wani da aka tambaya ko abu ya yi, ya ba da amsa. In kun buɗe kwali kun ga abin da bai yi muku ba, ku faɗa tun ba a haɗa waya ba. Ku faɗa ko da mai kayan ya girme ku.

Saura abu ɗaya. Mako uku bayan an rufe ɗakin aka yanke shinkafar rani, kuma ta yi kyau a shekarar. Surukina ya riga ya koma ƙauyensu ya tayar da ɗaki ɗaya. Ya aiko in zo. Na same shi a ƙofar gida da maƙwabta, ana auna shinkafa. Na cire takalmi na durƙusa.

Ya ce da mutanen, "Wanga shi na mijin Ige. Ɓuntuna sunka yi bincike da shi jami'a, shekarar ruwa." Ya juyo gare ni. "Ya yi kuwa?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To bana na gyara. Ige ta ce ashe ba ku son wanda yat taɓa ƙasa, kai kuma kunya ta hana ka hwaɗi. Tamfol na aro, a kai anka buga, a kai anka surhe. Buhu huɗu na."

Aka jawo su. Na kwance bakin ɗaya na sa hannu har wuyan hannu. Ɓuntu ne ja-ja mai ƙamshin sabuwar shinkafa, busasshe, ba ƙasa ko ƙwaya ɗaya. A shekara goma sha ɗaya ban taɓa samun mai tsabtarsa ba. Na ɗaure bakin buhun yadda na same shi. Maƙwabta suka taya ni ɗorawa a kan amalanke zuwa bakin titi.

Har na juya ya kira ni. Ya ce, "Ka gaishe da likitar. Ka ce in bai isa ba akwai saura."

Na ce za ta ji.